Babban Inji a Tsohuwar Mota: Abin da Ya Kamata Ɗan Koyo Ya Sani

Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa jikin mota yakan fi injinta daɗewa. Duk wanda ya ratsa kasuwar Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, zai tarar da injuna jibge, waɗanda aka ciro daga wasu motoci, ana jiran mai saye. Mafi yawan masu sayen nan suna neman irin injin da ya mutu ne don su mayar da gurbinsa. Amma akwai wasu, musamman matasa masu koyon kanikanci, da sukan yi tunanin cewa tun da za a sauke tsohon inji, me zai hana a ɗora wanda ya fi shi girma da ƙarfi?

Aikin yana yiwuwa, an kuma sha yin sa a ƙasashe da dama. Sai dai injiniyoyin da suka ƙera mota sun auna kowane sashe nata daidai da ƙarfin injin da suka sa mata: giyabos, da lagireto, da birki, da sifirin, har da tayoyi. Idan aka sauya injin kaɗai aka bar sauran, an ɓata wannan awon. Abin da kan biyo baya yana iya zama asarar kuɗi, yana kuma iya zama asarar rai. Wannan maƙala za ta bi sassan ɗaya bayan ɗaya, ta nuna ƙa'idojin kimiyya da ke ƙarƙashin kowanne.

Mene ne babban inji?

Yawancin motocin fetur suna aiki ne da tsarin da Nikolaus Otto, Bajamushe, ya kammala a shekarar 1876. Fistin yana sauka cikin silinda ya zuƙo iska da fetur, ya hau ya matse su, filogi ya kunna wuta, ƙarfin ƙonewar ya tura fistin ƙasa, sa'an nan ya sake hawa ya kori hayaƙi zuwa salansa. Girman inji shi ne yawan sararin da dukan fistin ke sharewa tsakanin hawa da sauka, ana kuma auna shi da lita ko da si-si, wato santimita mai sukwaya uku.

Alal misali, a ɗauki Peugeot 504, motar da aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, aka yi ta harhaɗa ta a Kaduna daga 1975 har zuwa 2006. Injinta da aka fi sani yana da silinda 4. Faɗin kowace silinda milimita 88 ne, tafiyar fistin kuwa milimita 81. Idan aka lissafa faɗin da'irar aka ninka da tsawon tafiyar, za a sami si-si 493 a kowace silinda, jimilla si-si 1,971. Shi ya sa ake kiransa inji mai lita 2. Inji mai lita 3 yana zuƙar iska da fetur fiye da wannan da kusan rabi a kowane zagaye, don haka ya fi ƙarfi, ya fi shan mai, ya kuma fi fitar da zafi.

Akwai ma'auni biyu da ɗalibi zai riƙe. Na farko shi ne ƙarfin doki, wanda James Watt, injiniyan nan na Sikotilan, ya yayata a ƙarni na 18 don kwatanta injunansa na tururi da dawaki. Ƙarfin doki ɗaya daidai yake da wat 746, wato ƙarfin da zai ɗaga nauyin kilogiram 76 tsawon mita ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya. Na biyu shi ne ƙarfin murɗawa. Idan aka rataya nauyin kilogiram 10 a ƙarshen sufana mai tsawon mita ɗaya, notin da take riƙe da shi yana jin murɗawa ta kimanin niyuton-mita 98. Ƙarfin doki ya fi shafar iyakar gudun mota. Ƙarfin murɗawa kuwa shi ne ke fizgar mota daga tsaye, shi ne kuma ke karya haƙoran giya idan ya fi ƙarfinsu.

Darasi daga tarihi

Wannan sana'a ta yi ƙarfi ne a Amurka. A 1932 kamfanin Ford ya fitar da inji mai silinda 8 da aka jera kamar harafin V, mai ƙarfin doki 65, alhali injin motarsa ta baya, Model A, ƙarfin doki 40 yake da shi. Matasan kudancin Kalifoniya suka riƙa ɗora sabon injin a kan tsofaffin motoci marasa nauyi, suna tsere a busassun tafkuna na hamada, wasu kuma a kan titunan gari. Haɗurran da suka yawaita na daga cikin dalilan da suka sa Wally Parks ya kafa ƙungiyar tsere ta NHRA a 1951, domin a mayar da wasan filaye na musamman, a kuma riƙa duba lafiyar kowace mota kafin ta shiga.

Misalin da ya fi shahara shi ne na Carroll Shelby, direban tsere ɗan jihar Teksas. Kamfanin AC na Ingila yana da wata ƙaramar mota mai suna Ace, wadda ke amfani da inji mai lita 2 na kamfanin Bristol. A 1961, da aka daina ƙera wannan injin, Shelby ya rubuta wa AC yana neman su gyara motar ta ɗauki V8, ya kuma samo injin daga Ford. A 1962 motar ta fito da sunan Cobra. Ƙarfinta ya ninka na Ace, amma tun daga farko sai da aka sauya aksil na baya da wanda ya fi ƙwari. A 1963 aka sauya tsarin sitiyari. Da aka zo sa inji mai lita 7 a 1965, sai da aka sake ƙera ƙashin motar baki ɗaya: aka ƙara kaurin bututun ƙarfen da ke ɗauke da ita daga inci 3 zuwa inci 4, aka sauya sifirin, aka faɗaɗa jikin don ya ɗauki manyan tayoyi. Waɗannan ƙwararru ne da ke da goyon bayan babban kamfani, duk da haka kowane ƙarin ƙarfi ya tilasta musu sake wani sashe. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

A Kyuba kuwa larura ce ta kawo abin. Bayan juyin juya hali na 1959 da takunkumin cinikin da Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar, kayan gyara suka yanke. Makanikai suka ci gaba da raya motocin Amurka na shekarun 1950 da injunan Tarayyar Sobiyet, daga baya kuma da injunan dizal na Japan da Koriya da Turai, da yawa daga motocin suna aikin tasi a birnin Habana.

Wuri da nauyi

Tambaya ta farko ita ce ko injin zai shiga. Ɗan koyo yakan auna tsawo da faɗi ya manta da tsayi, sai an ɗora a tarar bonet ba ya rufuwa, ko kaskon baƙin mai yana gugar ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin mota, ko bututun salansa ya tare hanyar sandar sitiyari. Injin Peugeot 504, alal misali, a karkace aka girke shi don bonet ya yi ƙasa, saboda haka injin da ke tsaye sak ba lalle ne ya sami wuri ba. Akwai kuma mazaunin inji, wato ƙarafa da robobin da ke riƙe shi a jikin mota. Kusan kullum sai an ƙera sababbi, kuma aikin ƙwararren mai walda ne, domin duk ƙarfin da inji ya murɗa tayoyi da shi, da irinsa yake murɗa mazauninsa ta ɗaya ɓangaren. Wannan ita ce ƙa'ida ta uku ta Isaac Newton. Babban kuskure shi ne yanke wani sashe na ƙashin mota don a sami wuri, saboda wannan ƙarfen ne ke karɓar duka a ranar haɗari.

Sai batun nauyi. Injin V8 na Chevrolet da aka fara yi a 1955, wanda aka fi kowane inji ɗorawa a tsofaffin motoci a Amurka, ya kai kimanin kilogiram 260 saboda zubin baƙin ƙarfe ne. Idan aka ɗora irin wannan a gaban ƙaramar mota, gaban zai duƙa, sifirin da shokozoba su gaji, sitiyari ya yi nauyi. A kan kwana kuma motar takan nemi ta miƙe maimakon ta bi inda direba ya juya ta, domin tayoyin gaba sun ɗauki aikin da ya fi ƙarfinsu, na baya kuma sun rasa nauyin da zai danne su.

Amma girma ba kullum yake nufin nauyi ba. Kamfanin Rover na Ingila ya sayi haƙƙin ƙera wani V8 mai lita 3.5 daga Buick a 1965. Da yake da alminiyam aka zuba shi, nauyinsa bai kai na inji mai lita 1.8 da ke cikin motar MGB ba. Wani makanike kuma ɗan tsere, Ken Costello, ya fara ɗora shi a MGB, aikin ya yi kyau har kamfanin da kansa ya fitar da irin wannan mota a 1973. Saboda haka, kafin a sayi inji, ya kamata a san nauyinsa da irin ƙarfen da aka yi shi da shi.

Daga inji zuwa taya

Ƙarfin inji yana bi ta kuloc, ya shiga giyabos, ya bi farfela, ya isa aksil, sa'an nan taya. An ƙera kowanne don ya jure wani iyakataccen ƙarfin murɗawa. Idan sabon inji ya zarce wannan iyaka, kuloc ne yakan fara zamewa yana ƙauri. In aka sa kuloc mai ƙarfi, matsalar sai ta koma giyabos, in aka sauya giyabos ta koma aksil. Kullum sashen da ya fi rauni ne ke karyewa. Don haka masana suka fi son a ɗauko inji tare da giyabos ɗinsa, a gyara tsawon farfela, a kuma daidaita ta sosai, domin farfelar da ba ta daidaita ba takan girgiza mota, tana iya tsinkewa ana cikin gudu.

Akwai kuma lissafin giya. Injin fetur yakan kai zagaye 6,000 a minti ɗaya, na dizal kuwa da wuya ya wuce 4,500. Wanda ya sa injin dizal ya bar aksil ɗin da aka yi don fetur zai ga motar tana da ƙarfin tashi, amma a kan babbar hanya injin yana ta kururuwa gudun kuwa bai kai na da ba.

Zafi

Inji ba ya mayar da dukan makamashin fetur ya zama tafiya. A taƙaice, kimanin kashi ɗaya cikin uku ne ke zama aiki, kashi ɗaya ya fita ta salansa, kashi ɗaya kuma ya shiga ruwan da ke sanyaya inji. Ma'ana, inji mai ƙarfin doki 100, wato kimanin wat 75,000, idan yana aiki iyakar ƙarfinsa, yana tura wa lagireto zafin da ya kai na dutsen guga 75 masu wat 1,000 kowanne. Inji mai ƙarfin doki 200 zai tura na dutsen guga 150. Tsohon lagireto, wanda wataƙila tsatsa ta riga ta toshe wasu hanyoyinsa, ba zai iya da wannan ba.

Lamarin ya fi tsanani a ƙasashe masu zafi. Lagireto yana zubar da zafi ne gwargwadon bambancin da ke tsakanin zafin ruwa da zafin iskar waje. Ruwan inji yakan tsaya wajen digiri 90. A ƙasar da iska take digiri 15, bambancin 75 ne. A Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, inda zafi kan haura digiri 40, bambancin bai kai 50 ba, wato lagireto ya rasa kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa. Don haka babban inji yana bukatar babban lagireto, da fanka mai kyau, da murfi mai riƙe matsi, domin matsin ne ke ɗaga zafin da ruwa ke tafasa daga digiri 100 zuwa kusan 120. Cire na'urar da ke daidaita zagayen ruwa, kamar yadda wasu makanikai suka saba, ba ya ƙara wa lagireto girma ko kaɗan.

Birki

Nan ne rai yake. Makamashin motsi na mota shi ne rabin nauyinta a ninka da gudunta sau biyu, wato gudun a ninka da kansa. Mota mai kilogiram 1,200 da ke gudun kilomita 60 a sa'a tana ɗauke da kimanin jul 167,000. Idan gudun ya zama kilomita 120, makamashin zai zama jul 667,000. Gudu ya ninka sau biyu, makamashi ya ninka sau huɗu, nisan da mota za ta yi kafin birki ya tsayar da ita shi ma ya ninka kusan sau huɗu.

Birki ba ya ɓatar da makamashi, mayar da shi zafi yake yi. Jul 667,000 sun isa su tafasa ruwa lita 2, kuma birki zai haɗiye su ne cikin 'yan daƙiƙoƙi. Tsofaffin motoci da yawa suna da birki mai ganga, wanda ke riƙe zafi a ciki fiye da birki mai faifai. Idan zafin ya yi yawa, takalmin birki yakan daina kamawa. Man birki ma yana iya tafasa. Sabon mai na ajin DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, amma idan ya tsufa ya sha danshi, ƙa'idarsa takan sauko zuwa digiri 140. Da zarar ya tafasa, tururi ya shiga bututu, direba zai taka birki ya ji ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba tare da motar ta rage gudu ba.

Babban inji yana ƙara nauyi, yana kuma sa mota ta kai babban gudu cikin ɗan gajeren nisa. Saboda haka doka ta farko ga ɗan koyo ita ce a gyara birki kafin a taɓa inji. Haka nan tayoyi: kowace taya tana da harafi a gefenta mai nuna iyakar gudun da aka yi ta dominsa. Harafin S yana nufin kilomita 180 a sa'a, T 190, H kuma 210, matuƙar tayar tana da lafiya ba ta tsufa ba.

Wayoyi da hanyar mai

Tsofaffin motoci suna amfani da kafireto, wanda ke gauraya iska da fetur ba tare da lantarki ba. Injunan da ake shigowa da su yanzu kuwa kusan duk suna da nozul masu fesa mai, da ƙaramar kwamfuta wadda makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota. Ita ce ke karɓar saƙo daga na'urorin da ke auna iska, da zafi, da zagayen inji, da iskar da ke cikin hayaƙi, ta yanke yawan man da za a fesa. Wanda ya sayi irin wannan inji bai karɓi kwamfutarsa da dukan wayoyinsa ba, ya sayi ƙarfe ne kawai. Da yawa kuma suna da tsarin hana sata, wanda ba zai bar inji ya tashi ba sai ya gane makullin asali.

Hanyar mai ma ta bambanta. Matsin da nozul ke bukata ya kai kimanin ninki goma na wanda kafireto ke aiki da shi. Idan aka haɗa sabon famfon mai da tsohon tiyo na roba, tiyon yana iya fashewa ya fesa fetur a kan salansa mai zafi, nan take gobara ta tashi.

Doka da aljihu

Lambar inji tana cikin takardun mota. Wanda ya sauya inji ya kamata ya riƙe rasidin saye mai ɗauke da lambar, ya je ofishin lasisi a gyara takardu, ya kuma sanar da kamfanin inshora. In ba haka ba, yana iya shiga zargin sayen kayan sata, kamfanin inshora kuma yana iya ƙin biya idan an yi haɗari. A Ingila wajibi ne a sanar da hukumar rajistar motoci duk sauyin lambar inji ko girmansa. A Kalifoniya kuwa ƙa'ida ita ce kada injin da za a sa ya girmi motar a shekaru, kuma a bar masa dukan na'urorinsa na rage gurɓata iska.

Game da kuɗi, farashin inji somin taɓi ne. Akwai lagireto, da birki, da walda, da aikin mai wayarin, da salansa, da ƙananan kaya masu yawa da ba a tuna da su sai an fara. Bayan an gama kuma akwai shan mai na kullum, abin da ya ƙara nauyi a Nijeriya tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023.

Ta ina ɗan koyo zai fara?

Hanya mafi aminci ita ce a fara da sauke inji a mayar da irinsa, ƙarƙashin kulawar maigidan gareji. A nan ne ake koyon sa alama a kowace waya da kowane tiyo, da ajiye notuna kashi-kashi, da cire kan batir kafin a taɓa komai. Mataki na biyu shi ne a zaɓi babban inji daga dangin motar, wanda kamfanin da kansa ya taɓa sawa a cikinta. Peugeot 504 ta fara da si-si 1,796 kafin a ƙara zuwa 1,971 a 1970, don haka sauyi tsakanin waɗannan biyu ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan ɗauko injin wani kamfani dabam.

Kafin a biya kuɗi, a auna matsin kowace silinda, a duba baƙin mai ko ya gauraya da ruwa. A duba ƙashin motar, domin wadda tsatsa ta ci ba ta cancanci ƙarin ƙarfi ba. Wajen ɗaga inji a yi amfani da sarƙa da ƙugiya masu ƙarfi, kada kowa ya tsaya ƙarƙashinsa, kada kuma a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Bayan an gama, a fara gwaji a fili, da ƙaramin gudu, ana duba zafi da yoyo da birki, kafin a hau titi.

Malaman kimiyya za su iya mayar da wannan darasi aikin aji: ɗalibai su lissafa girman inji daga faɗin silinda da tafiyar fistin, su kuma lissafa makamashin mota a gudun kilomita 40 da 80 da 120, su zana jadawalin sakamakon.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa ɗora babban inji aiki ne da ya shafi mota gaba ɗayanta. Inda aka yi nasara, kamar Cobra da MGB, an yi ta ne saboda an auna nauyi, an ƙarfafa aksil, an kula da zafi da birki. Ɗan koyon da ya iya lissafin makamashi da zafi da murɗawa zai san, tun kafin ya kwance noti ɗaya, ko aikin zai yiwu ko ba zai yiwu ba. In lissafi ya nuna aljihu ba zai ɗauki birki da lagireto tare da injin ba, to a gyara tsohon inji a ci gaba da tafiya, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi.